Fetur Mai Itanol Da Tsohuwar Kafireta: A Rubuta A Jikin Famfo Kafin A Zuba Wa Injinan Haɗeja

Duk mai bibiyar bidiyon motoci a TikTok ko YouTube ya san irin wannan: wani Ba'amurke ya buɗe gaban tsohuwar mota, ya tuttula mata wani mai da ake kira E85, ya taka totur, injin ya yi gurnani, sai lambobi su fito a allo suna nuna ƙarfin motar ya ƙaru. A ƙasan bidiyon kuma ana ta yaba man, wai ya fi fetur araha, ya fi shi tsafta, kuma daga masara ake yin sa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000 a wurare da dama. Don haka duk bidiyon da ya ce akwai wani mai da ya fi fetur sauƙi, dole matashi ya tsaya ya kalla.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne aikin da aka yi wa motar kafin a kunna kyamara: an sauya mata jet, an sauya tiyon mai, an sauya famfon mai, wani lokaci har kafiretar gaba ɗaya. Wannan aikin da aka ɓoye shi ne ya shafi Haɗeja, domin a kan kafireta garin da fadamarsa suke tafiya. Itanol mai ne mai kyau idan an san yawansa kuma an shirya masa inji. Idan kuwa aka zuba shi a makance, ƙaramin mai inji ne zai biya kuɗin gyara. Saboda haka kafin a yi maganar gauraya itanol da fetur a Najeriya, a fara da abu biyu: a riƙa auna yawansa, a kuma rubuta shi a jikin famfon gidan mai.

Mene ne E10, E20 da E85?

Itanol sinadari ne da ake samu idan aka jiƙa abu mai sukari ko sitaci ya yi tsami, sannan aka tace shi da zafi. Ana yin sa da rake, da masara, da rogo, da takanɗa. Shi ne sinadarin da ke cikin barasa, sai dai na mota ana gauraya shi da fetur ko wani abu mai guba don kada a sha. Lambar da ke bayan harafin E tana nuna kasonsa a cikin man. E10 na nufin kashi 10 cikin 100 itanol ne, sauran fetur. E20 kashi 20 ne. E85 kuwa, a Amurka, yana ɗauke da tsakanin kashi 51 zuwa 83, gwargwadon yanayin sanyi ko zafi.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, litar itanol ba ta kai litar fetur ƙarfi ba. Ta gaza ta da kusan kashi ɗaya cikin uku. A E10 ragin kaɗan ne, kusan kashi 3 cikin 100 na nisan da mota za ta yi. A E85 ragin yana kaiwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa direbobin Barazil suke da wani lissafi da kowa ya haddace: ba a sayen itanol sai farashinsa bai wuce kashi 70 cikin 100 na farashin fetur ba. Idan fetur yana naira 1,000, aka kawo wa mutum itanol a 850, kallon kitse yake wa rogo. Ya biya ƙasa a famfo, ya biya sama a hanya.

Kafireta ba ta da kwamfuta

Motocin zamani masu injekta suna da 'yar kwamfuta da ke lura da hayaƙin da ke fita ta salansa. Idan ta ga iska ta yi yawa a cikin haɗin, sai ta ƙara mai da kanta, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Shi ya sa motar injekta take shanye E10 ba tare da direba ya ji komai ba.

Kafireta ba ta san wannan ba. Ƙarfe ne mai ƙananan ƙofofi, waɗanda kanikawa ke kira jet, kuma faɗin ƙofar shi ke yanke yawan man da zai wuce. An huda su ne daidai da fetur, wanda ke buƙatar kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Itanol zalla kilo 9 kawai yake buƙata, domin yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa. E85 yana wajen 9.8. Ma'ana, don inji ya ƙona E85 yadda ya kamata, sai an ba shi ƙarin mai da ya kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Ƙofar da aka huda don fetur ba za ta faɗaɗa kanta ba. Sai haɗin ya zama iska ta rinjayi mai: injin ya riƙa shaƙewa idan aka ba shi wuta, ya riƙa tari ta kafireta, ya ƙi tsayawa a silo, ba ya tafiya daidai sai an ja cok. A haɗi irin su E20 da E30, inda injin zai iya ci gaba da aiki ba tare da ya mutu ba, haɗarin ya fi ɓoyuwa, domin zai yi ta aiki da zafi fiye da ƙima, bawul da kan fistan suna ci a hankali.

Yanzu a duba inda kafireta take a masarautar Haɗeja. Tana cikin tsofaffin Fijo 504 da ke ɗaukar kaya ranar kasuwa, da tsofaffin Golf da Starlet. Tana cikin kusan kowane babur na ɗan acaɓa, Boxer ne ko Jincheng, da mafi yawan Keke Napep. Tana cikin ƙaramin janaretan da ke shagon cajin waya da na mai aski. Mafi girma, tana cikin dubban injinan ban ruwa da ke jere a bakin kogi da kan rijiyoyin fadama daga Auyo da Kafin Hausa zuwa Kirikasamma da Guri. Waɗannan ƙananan injina iska ce ke sanyaya su, ba su da lagireto, kuma suna wuni suna aiki a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Inji irin wannan ba shi da sararin ɗaukar ƙarin zafi.

A nan Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa a watan Nuwamban 2023. Duk manomin alkama ya san cewa idan ta fara fitar da kai aka rasa ban ruwa na 'yan kwanaki, an rasa wani yanki na amfanin shekara. Injin da ya tsaya a wannan makon, asararsa ta wuce kuɗin kafireta sabuwa nesa ba kusa ba.

Itanol da ruwa abokai ne

Fetur ba ya haɗuwa da ruwa. Idan ruwa ya shiga tanki, yana kwanciya a ƙasa shi kaɗai. Itanol kuwa yana son ruwa, har daga iska yake tsotsar laima. E10 yana iya riƙe ruwa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 ba tare da an gani ba. Da ya wuce haka, sai man ya rabu gida biyu: itanol ya bi ruwa su kwanta a ƙasa, fetur ɗin da ya rasa wani ɓangare na ingancinsa ya tsaya a sama. Bakin tiyon da ke jan mai a ƙasan tanki yake, don haka wannan ruwa-ruwan ne zai fara shiga kafireta.

Tankin motar zamani a rufe yake ruf. Tankin injin ban ruwa da kwanon kafireta kuwa suna da 'yar ƙofar shan iska, kullum suna numfashi. A wurin da ake aiki a bakin ruwa, ake ajiye jarka a ƙasa mai danshi, ake kuma jingine inji tun farkon damina har kaka da ragowar mai a ciki, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Bayan wata huɗu ko biyar, idan bakanike ya kwance kwanon, zai tarar da farin gari ko kore-kore ya cinye ƙarfen, domin yawancin kafiretoci da tutiya da alminiyam ake zuba su, kuma haɗin itanol da ruwa yana cin su.

Ga masu ƙaramin janareta irin wanda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, da injinan kwale-kwale masu irin wannan tsari, abin ya fi muni. Baƙin man yana bin fetur ya tsaya a sama. Abin da ya kwanta a ƙasa ba shi da maiƙo ko kaɗan. Idan injin ya ja shi, fistan zai yi ta gudu a bushe har ya kama.

Akwai kuma roba. Tsofaffin tiyo, da fatar famfon mai, da gasket ɗin da aka yi kafin zamanin itanol suna kumbura ko su bushe su tsage. Sannan itanol yana wanke tsohuwar dauɗar da ta daskare a tanki shekara da shekaru, ya kwaso ta ya kai jet ya toshe. Tiyon da ya tsage a kan inji mai zafi, kowa ya san ƙarshen labarin.

Ya taɓa faruwa a nan

Wani zai ce ai ba a sayar da E85 a gidajen man Najeriya, to mene ne abin damuwa? Amsar tana cikin abin da ya riga ya faru har sau biyu. A farkon 2008 an shigo da wani jirgin fetur da itanol ɗinsa ya wuce ƙa'ida, motoci da dama suka lalace, musamman a Legas. Shekara 14 bayan haka, a watan Fabrairun 2022, hukumar NMDPRA ta tabbatar da cewa an gano fetur mai ɗauke da mitanol fiye da ƙima a cikin man da ke yawo a ƙasa. Mitanol ɗan'uwan itanol ne, amma ya fi shi cin ƙarfe da roba, ya kuma fi shi ƙarancin ƙarfi. An kwashe man daga kasuwa, dogayen layuka suka dawo na makonni, 'yan bumburutu suka ci kasuwarsu.

Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa man daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka ɗauko shi, kuma gwajin da aka saba yi a can da wanda ake yi a tashoshin Najeriya duk ba su haɗa da auna yawan mitanol ba. Wannan bayanin ya fi komai muhimmanci a cikin labarin. Man ya wuce da takardunsa cikakku, domin ba a tambayi abin da ya kamata a tambaya ba. Masu manyan motoci a Legas da Abuja sun samu masu ɗaukar kukansu a jaridu. Manomin da injinsa ya tsaya a bakin kogi ba shi da rasit, ba shi da hanyar nuna cewa mai ne ya yi masa ɓarna, sai ya ɗora laifin a kan bakanike ko a kan kayan Chana.

Kuma maganar itanol ba ta mutu ba. Tun 2007 Najeriya take da manufar man tsirrai da ta tanadi gauraya fetur da itanol kashi 10 cikin 100. Manufar ta daɗe a takarda, amma duk lokacin da dala ta yi tsada sai a sake tado ta. Ranar da za a aiwatar, tambayar ita ce ko za a gaya wa mai saye.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Barazil ce uwa a wannan fanni. Ta fara shirinta na itanol ɗin rake a 1975, bayan tashin farashin ɗanyen mai na 1973. A 1979 aka fitar da Fiat 147 mai amfani da itanol zalla. Motar mai kafireta ce, kuma wannan ya nuna kafireta tana iya shan itanol. Sai dai kamfanonin can sun sake tsara injin ne tun daga masana'anta: suka ƙara matsin fistan, suka faɗaɗa jet, suka shafe kafireta da tanki da ƙarfen da itanol ba ya ci, suka kuma ƙara wani ɗan ƙaramin tankin fetur don tayar da mota da sanyin safiya. A 2003 suka kawo motocin da ke shan kowane irin haɗi. A 2025 itanol ɗin da ke cikin fetur ɗin Barazil ya kai kashi 30 cikin 100, bayan shekara 50 ana tafiya mataki-mataki.

Amurka ta amince da E15 ga motocin 2001 zuwa sama kawai. Ta haramta zuba shi a babura, da injinan jiragen ruwa, da ƙananan injina irin na janareta, kuma akwai takardar gargaɗi a jikin famfo. Birtaniya ta koma E10 a watan Satumban 2021, amma ta bar E5 a kasuwa saboda masu tsofaffin motoci.

Indiya ce ta fi kama da Najeriya, domin daga can Bajaj da TVS suke zuwa. Ta kai matakin E20 a 2025, shekara biyar kafin wa'adin da ta fara sa wa kanta. Motocin da aka ƙera daga Afrilun 2023 an shirya kayansu don wannan mai, amma masu tsofaffin motoci da babura suka cika intanet da ƙorafin raguwar nisan tafiya da rashin zaɓi a gidan mai. Har Kotun Ƙoli aka je, ta yi watsi da ƙarar a farkon Satumban 2025. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuma kada mai Boxer a Malam Madori ya ɗauka cewa tunda babur ɗinsa ɗan Indiya ne, an shirya shi don E20. Abin da littafin babur ɗin ya ce shi ne hujja.

Hujjar masu goyon baya

Masu son a gauraya itanol suna da hujjoji masu nauyi. Itanol yana da lambar okten sama da 100, wadda ke hana inji ƙwanƙwasa, kuma wannan ne sirrin ƙarfin da ake gani a waɗancan bidiyoyin, idan an gyara injin don ya ci moriyarta. Yana rage iskar kabon monoksaid mai kisa da ke fita daga salansa, duk da cewa ba ya kawar da ita, don haka janareta a cikin ɗaki haɗari ne da kowane irin mai. Sannan kuɗin da za a kai waje zai iya tsayawa a hannun manomi. Malawi tana gauraya fetur da itanol tun 1982, daga ragowar ruwan da ke fita bayan an tace sukari. Zimbabuwe ta wajabta gaurayawa a 2013.

Jigawa tana da ƙasa da rana da za su iya ba da rake. Amma mutumin fadamar Haɗeja ya san abin da ɗan ofis a Abuja ba lallai ya sani ba: ruwan kogin nan ƙidayayye ne. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa a Kano, ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman shinkafa suna rabon abin da ya rage. Rake kusan shekara yake yi a gona yana shan ruwa. Taƙaddamar filaye da ta biyo bayan shirin gonar rake a Gagarawa ta nuna cewa batun ƙasa ma ba mai sauƙi ba ne. Idan za a yi itanol a Jigawa, hanyar Malawi ta fi dacewa, wato a yi sukari, a yi mai da ragowar. A karɓe gonar abinci da ruwan masunta don a cika tankin mota, wannan ciniki ne da talaka zai faɗi a cikinsa sau biyu.

Abin da ya rataya a wuyan hukumomi

Na farko, auna itanol da mitanol ya zama dole a kan kowane jirgi da kowace matata, ta gida da ta waje, kuma NMDPRA ta riƙa wallafa sakamakon a inda mai waya zai gani. Na biyu, duk famfon da ke zuba fetur mai itanol ya ɗauki lambar a jikinsa da manyan baƙaƙe, E5 ne ko E10, da Hausa da Turanci. Na uku, kada a wuce E10 muddin babura da injinan ban ruwa na kafireta ne suka fi yawa, kuma a bar mai marar itanol ko mai ƙarancinsa a garuruwan noman rani. Na huɗu, hukumar SON ta tilasta wa masu shigo da janareta da injin ban ruwa da tiyo su rubuta yawan itanol ɗin da kayansu ke ɗauka. Honda, misali, ta rubuta a littattafan ƙananan injinanta cewa suna ɗaukar itanol har kashi 10. Yawancin injinan da ke fadama kwaikwayon Honda ne, kuma kamannin jiki ba ya nuna irin robar da ke ciki.

Abin da mai inji zai iya yi tun yau

Akwai gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike. A samu siririyar kwalba mai murfi da sirinji daga kemis. A zuba ruwa mililita 10, a ja layi a daidai inda ya tsaya. A ƙara fetur mililita 100, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye minti 10. Idan ruwan ya koma kan layinsa, babu itanol a man. Idan ya hau, to ya janyo itanol ko mitanol daga cikin fetur ɗin. Ruwan da ya tashi daga 10 ya kusa 20 yana nuna kusan kashi 10 cikin 100. Gwajin ba ya bambance itanol da mitanol, amma ya isa ya gaya wa mutum cewa jarkar da ya saya a bakin titi ba fetur zalla ba ce. A yi shi a fili, nesa da wuta da sigari da inji mai aiki.

Wayar da ake kallon bidiyon da ita za ta iya yin aikin da ya fi haka amfani. A ɗauki hoton lambar famfo da rasit duk lokacin da aka sha mai. A riƙa rubuta kilomita nawa babur ya yi da lita nawa, ko awa nawa injin ban ruwa ya yi da galan guda. Idan lissafin ya faɗi kwatsam bayan an sayi mai a wani wuri, ga hujja a hannu da za a kai wa NMDPRA ko hukumar kare masu saye ta FCCPC. A kuma nemi littafin injin a intanet da lambar samfurinsa, a duba shafin da ya yi maganar mai.

Idan za a jingine inji fiye da wata guda, a rufe makunnin mai, a bar shi ya yi aiki har ya mutu da kansa, sannan a kwance ɗan kusan da ke ƙasan kwanon kafireta a tsiyaye ragowar. Jarka ta kasance a rufe gam, a inuwa, ba a kan ƙasa mai danshi ba. A sa ƙaramin filta tsakanin tanki da kafireta. Tiyon da ya yi tauri ko ya yi laushi kamar danƙo, a sauya shi kafin ya tsage.

Abin da bai kamata a gwada ba ko kaɗan shi ne haɗa mai a gida. Sifirit ɗin kemis yana da ruwa, kuma galibi yana da mitanol. Itanol ɗin da aka tace da tukunya ba ya wuce kashi 95 zuwa 96, sauran ruwa ne, alhali wanda ake gaurayawa da fetur sai ya haura 99. Mitanol yana makantarwa, yana kisa idan an sha, kuma harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana. Jihar da ta binne mutum sama da 150 bayan fashewar tankar mai a Majiya a watan Oktoban 2024 ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kan wasa da mai.

Shi ma faɗaɗa jet da allura ko waya, kamar yadda wasu bidiyoyi ke koyarwa, tarko ne. Ƙarin faɗin ƙofa da kashi 18 cikin 100 kawai yana ƙara man da ke wucewa da kusan kashi 40. Ido ba ya auna wannan. Kuma kafiretar da aka huda don E85 ta gama da fetur: ranar da aka zuba mata fetur zalla za ta riƙa kwarara mai, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe. Wanda ya yi wa injinsa haka a garin da babu famfon E85 ko ɗaya, ya mayar da shi injin da ba shi da abinci.

Mai son rage kuɗin mai a fadama yana da hanyoyin da aka riga aka gwada a nan gida: injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ko kafiretar gas da ake ɗaura wa janareta, idan ƙwararre ne ya ɗaura. Itanol ma zai iya shiga layin wata rana, kuma zai iya yi wa manomin rake da takanɗa rana. Sharaɗin shi ne ɗan acaɓan da ya tsaya a gidan mai a hanyar Gumel, da manomin da ya aiko yaro da jarka daga Auyo, su ɗaga kai su karanta abin da ake zuba musu kafin su miƙa kuɗi.